Janarorin Amurka ne suka ci yaƙin Hitila, ko direbobi da masu walda?

Abba Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na kai ƙarfe biyu ina karance-karance a kan yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke cewa yaƙin Hitila, kuma ni dai na yanke hukunci: duk cikin janarorin Amurka babu namiji kamar George Patton. Ku duba abin da ya yi a Disambar 1944. Jamusawa sun yi wa sojojin Amurka ƙawanya a garin Bastogne na Beljiyam, ga ƙanƙara, ga hazo ya hana jirage tashi. Mutumin nan ya juya kaso mai tsoka na rundunarsa ya fuskanci arewa cikin 'yan kwanaki, ranar 26 ga wata tankokinsa suka fasa ƙawanyar. Mai gwani ya kawo nasa mu gwada.

Staf Garba (mai ritaya):
Wa alaikumus salam. Abba ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Tankokin nan ruwan rijiya suke sha?

Abba Tarihi:
Haba Baba Staf, fetur mana.

Staf Garba (mai ritaya):
To wa ya kai musu? Shekara ashirin da biyu na yi da kaki a jikina, ban taɓa ganin jarumin da ya yi faɗa da bindiga babu harsashi ba. Gwanin naka ma ai ya taɓa tsayawa cik a ƙarshen Agustan 1944, yana hango hanyar Jamus, saboda man ya ƙare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malama Hadiza, zo ki ba shi labarin motocin nan, kin fi ni riƙe lissafi.

Malama Hadiza:
Ga ni, Baba. Abba, bayan saukar Nomandi a gaɓar tekun Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, sojojin ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, sun yi kusan wata biyu suna fama a wuri guda, sannan da suka ɓalle sai suka yi gudun da ya wuce lissafin masu shirya kaya. Layukan dogon arewacin Faransa kuwa su da kansu suka ragargaza su da bam kafin saukar, don kada Jamus ta kawo ɗauki. Tashar jiragen ruwa ta Antwerp ba ta fara karɓar kaya ba sai ƙarshen Nuwamba. Saboda haka komai, daga fetur har burodi, sai a mota daga bakin teku.

Nan aka ƙirƙiro abin da suka kira Red Ball Express. Daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba, motocin dakon kaya kusan 6,000, hanyar zuwa daban, ta dawowa daban, an hana farar hula hawa. A ranakun da abin ya kai ƙololuwa sukan kai sama da tan 12,000 a yini. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin direbobi huɗu uku baƙar fata ne, domin a lokacin rundunar Amurka a rabe take, an fi tura baƙaƙe girki da dako da tuƙi, wai ba za su iya faɗa ba.

Ɗanladi Mai Tanka:
Malama, Allah ya saka da alheri. Yau kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni na taɓa jin labarin mutanen nan, kuma wallahi duk wanda bai taɓa kwana a kan sitiyari ba ba zai gane ba. An ce doka ta ƙayyade musu mil 25 a awa, har da wani ƙarfe da aka ɗaura a inji don kada mota ta yi gudu da yawa. Su kuma suka riƙa kwance shi. Da dare ba a kunna fitila sosai, sai wata 'yar tsaga kamar idon kyanwa, kana bin ɗan hasken motar da ke gabanka. In barci ya ci ƙarfin direba, shi da abokin tuƙinsa su yi musayar kujera mota tana tafiya.

Wannan na ƙarshen na san shi. Na taɓa taso da mai daga kudu, kwana biyu ban runtsa ba, goro ya daina aiki, shayi ya daina aiki, har na fara ganin bishiyoyin gefen titi suna tsallaka hanya kamar mutane. Yaron motata ne ya watsa min ruwan jarka a fuska. Ni kuma ba wanda ke harbina, ba nakiya a gefen kwalta. Su fa jarkokin fetur ne a bayansu. Amma yau ka tambayi yaro wa ya ratsa Faransa, ya ce Patton. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abba Tarihi:
Na ji, Oga Ɗanladi, kuma ban raina direba ba. Amma ka ba wani janar ɗin motocin nan da man nan, ba lallai ya yi abin da Patton ya yi ba. Jamusawa da kansu suna shakkarsa. Shi ya sa kafin saukar Nomandi aka naɗa shi shugaban rundunar bogi a kudancin Ingila, da tankokin roba da saƙonnin rediyo na ƙarya, don Jamusawa su ɗauka ta wajen garin Calais na Faransa za a ɓullo, ba ta Nomandi ba.

Malama Hadiza:
Ka faɗi gaskiya, sai dai ka tsallake dalilin da ya sa yake zaune babu aiki har aka ba shi rundunar bogi. A Agustan 1943, a tsibirin Sisili, ya shiga tantin asibiti har sau biyu ya mari ƙananan sojoji da firgicin yaƙi ya kwantar, yana kiransu matsorata. Ɗaya daga cikinsu daga baya aka gano zazzaɓin cizon sauro ne ma a jikinsa. Babban kwamandansa, Janar Eisenhower, ya tilasta masa ba da haƙuri, da labarin ya fasu a rediyo a watan Nuwamba kuwa saura ƙiris a kore shi.

Staf Garba (mai ritaya):
Hafsan da ke marin kurtu a gadon asibiti, ko ya ci duniya ba na sara masa da zuciya ɗaya. Ni gwanina George Marshall ne, kuma na san rabin zauren nan ba su san shi ba.

Ranar 1 ga Satumban 1939, ranar da Jamus ta afka wa Poland, ranar aka rantsar da shi babban hafsan sojan ƙasa. Sojan da ya tarar bai kai 200,000 ba. Kafin yaƙi ya ƙare sun haura miliyan 8. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Kowane ɗaya sai an ɗinka masa kaki, an ba shi takalmi daidai ƙafarsa, an koya masa fareti, an samo sajan da zai riƙe shi, an gina barikin da zai kwana. Ya sallami tsofaffin hafsoshi da dama da ya ga ƙafarsu ta yi nauyi, abin da ya jawo masa baƙin jini. Eisenhower ɗin da kuke ji, laftanar kanal ne a farkon 1941, bai taɓa jan runduna a fagen fama ba, Marshall ne ya ɗauko shi ya tsallakar da shi kan ɗaruruwan da suka girme shi a aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Disambar 1943. Kowa ya san Marshall ke son jagorantar shiga Faransa, kuma ya cancanta. Shugaba Roosevelt ya tambaye shi abin da yake so, ya ƙi roƙa wa kansa, ya ce shugaba ya yi abin da ya ga ya fi wa ƙasa. Roosevelt ya ce ba zai iya barci ba in Marshall ba ya Washington. Aka ba Eisenhower. Shi ya samu suna, har ya zama shugaban ƙasa. A cikin manyan da na yi aiki a ƙarƙashinsu, ban ga wanda zai bar irin wannan kujera ta wuce shi bai ɗaga waya ba.

Abba Tarihi:
Baba, ai yaƙin ofis ya yi ke nan. Bai ji ƙarar igwa ba.

Malama Hadiza:
A'a Abba, yi a hankali. Ɗan matarsa da ya riƙe kamar nasa, Allen Brown, a tanka aka harbe shi a Italiya a watan Mayun 1944. Kuma Marshall ne ke aika wa Roosevelt jadawalin mamata a kai a kai, da launi, don kada lambobin su zame masa jiki.

Maman Ilham:
Ni duk wannan Patton da Marshall ɗin ba su dame ni ba. Mai abincin sayarwa ce ni, tukunya nake tambaya. Maza miliyoyi sun tafi, su wa suka riƙe gida? Me ake ci?

Dakta Nura (Michigan):
Anti, tambayarki ta faɗo a unguwarmu. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake akwai wani wuri, Willow Run, inda kamfanin Ford ya gina masana'antar jiragen yaƙi samfurin B-24. Da farko abin ya ƙi tafiya har ana yi musu dariya, amma a 1944 sun kai suna fitar da jirgi mai inji huɗu kusan kowace awa. Sama da 8,600 suka ƙera a wurin kaɗai. Na je ɗan abin da ya rage na ginin, na ga hotunan matan da suka yi aikin, kai ɗaure da ɗankwali kamar masu shirin tuƙa tuwo, hannu riƙe da bindigar buga ƙusa. Mata kusan miliyan 6 ne suka shiga aikin albashi a shekarun nan. Tun Fabrairun 1942 aka daina ƙera motar hawa a ƙasar baki ɗaya, masana'antun suka koma tanka da jirgi.

Batun tukunya kuwa, kati aka raba. Sukari aka fara da shi a Mayun 1942, kusan rubu'in kilo ga mutum a mako. Gahawa ta biyo baya, sannan nama da man shanu da abincin gwangwani a 1943. Ko kina da kuɗi, in ba ki da tambarin da za a yage a littafinki, mahauci ba zai yanka miki ba. Har kitsen da ya rage a kasko ba a zubarwa, ana tarawa a gwangwani a kai wa mahauci, daga nan a wuce da shi inda ake haɗa sinadarin albarusai. Mutane suka yi lambuna a bayan gida da filayen makaranta, kusan miliyan 20.

Maman Ilham:
Rubu'in kilo a mako! Wannan ai kunun safe ɗaya ne a gidana in yara sun yi baƙi. Amma Dakta kada ka ce min duk sun bi doka. Inda duk aka ce kati, akwai ƙofar baya.

Dakta Nura (Michigan):
Akwai ta kuwa. Kasuwar bayan fage ta nama da fetur ta yi ƙarfi, har katin jabu an buga. Mai ƙaramar mota galan uku zuwa huɗu ake ba shi a mako, an kuma ƙayyade gudu a mil 35. Abin mamakin, ba man ne ya yi musu ƙaranci sosai ba, taya ce. Japan ta kame ƙasashen da roba ke fitowa, don haka aka matse fetur domin tayoyi su daɗe.

Ɗanladi Mai Tanka:
Ashe 'yan bumburutu ba a kanmu aka fara ba 😂

Isuhu Damagaram:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Kuna ta Amurka, Amurka, sai ka ce ita kaɗai ta yi yaƙin. Amurka ta rasa mutum dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Tarayyar Sobiyet ta rasa kusan miliyan 27. Mafi yawan sojan Hitila a gabas, a hannun Sobiyet, aka karya su. Ana maganar ƙarancin sukari a Detroit, mutanen Leningrad suna mutuwa da yunwa a kan titi. Wanda ba a jefa wa gidansa bam ba ai dole masana'antarsa ta yi aiki.

Abba Tarihi:
Malam Isuhu, kullum sai ka kawo mana Rasha. Ko batun ƙwallo ake sai ka ce Mosko.

Isuhu Damagaram:
Kai kuma ko batun koko ake sai ka ce Washington. Ƙaryata lissafin in ka isa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya kan magana. Abba, Malam Isuhu ya girme ka.

Malama Hadiza:
Lissafin Malam Isuhu daidai ne, ba mai musu. Kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce ma ƙashin bayan abin: teku biyu sun kare Amurka, shi ya sa ta zama maƙerar ƙawance. Jiragen sama kusan 300,000 ta ƙera. Jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty 2,710, har akwai wanda ma'aikatan Henry Kaiser suka haɗa cikin kwana huɗu da awa goma sha biyar a Richmond ta Kalifoniya, don nuna bajinta. Sojan Sobiyet ɗin ma da ya tunkari Balin, motoci sama da 400,000 Amurka ta aika masa, da yawa Studebaker ne. Jinin nasu ne, tayar ta wasu ce.

Alhaji Bala Kumasi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba. Ina so yaran zauren nan su san cewa kayan nan ta kanmu wasu suka bi. Jirage a cikin akwaku ake sauke su a Takoradi nan ƙasarmu, a haɗa su, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Darfur zuwa Khartum, sannan Alƙahira. Turawan Ingila suka fara a 1940, Amurkawa suka shigo a 1941 ta hannun kamfanin Pan American, daga baya sojansu ya karɓa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi dako a bakin ruwa a zamanin, yakan ce bai taɓa ganin mutane masu zubar da abinci kamar Amurkawa ba, gwangwani rabi a ci rabi a jefar.

Isuhu Damagaram:
Allah ya jiƙan Baba. Kuma Alhaji, hanyar nan ba ta yiwu ba sai da gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agustan 1940. Mu a Nijar muna hannun 'yan Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta bi Jamus, a lokacin, iyaka a rufe tsakaninmu da Kano.

Staf Garba (mai ritaya):
Amin. Namu kuma suna Bama suna fama da Japan a runduna ta 81 da ta 82, wasu suna haƙar kuza a Jos bisa tilas. Wannan zaure guda ne na daban, a ajiye shi.

Ina so in koma kan maganar Ɗanladi, don ta tsaya min a rai. Baƙin da ya tuƙa motar nan, me ya tarar da ya koma gida?

Dakta Nura (Michigan):
Baba Staf, tun kafin ya koma ma. An kawo fursunonin yaƙi na Jamus kusan 400,000 cikin Amurka. A jihohin kudu akwai gidajen abincin da fursunan Jamus zai zauna a teburi, sojan Amurka baƙi mai kaki kuwa sai ta taga ta baya. Jinin da ake tarawa don masu rauni ma an raba na baƙi da na fari. Shi ya sa jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ta fito da kiran nasara biyu a 1942, ɗaya a kan Hitila, ɗaya a kan wariyar gida. A nan Detroit, a Yunin 1943, ana tsakiyar ƙera tankoki, rikicin launin fata ya ci mutum 34, 25 baƙaƙe.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Port Chicago, kusa da San Francisco. Baƙaƙen sojan ruwa ne ke lodin bama-bamai a jirgi, ba a ba su horon kirki ba, hafsoshinsu farare har caca suke a kan rukunin da zai fi sauri. Daren 17 ga Yulin 1944 wurin ya tashi. Mutum 320 suka mutu nan take, 202 baƙaƙe. Waɗanda suka tsira su aka sa tsince gawarwakin, bayan 'yan makonni aka ce su koma lodi yadda aka saba. Sama da 250 suka ce a'a. Aka ware 50 aka kai kotun soja da laifin bore, aka ɗaure su. Sai a Yulin 2024 rundunar ruwa ta wanke su, shekara 80 cif, babu ko ɗaya da ke raye.

Ɗanladi Mai Tanka:
Innalillahi. Mu masu dakon abin da ke kamawa da wuta mun san wannan. Mai gaggauta ka ba ya tsayawa kusa da tankin.

Abba Tarihi:
To amma ai Patton ya karɓi bataliyar tankoki ta baƙaƙe, ta 761, ya yi musu jawabi da kansa, suka yi kwana 183 a jere suna faɗa. Wannan ba a yaba masa?

Malama Hadiza:
Ya karɓe su don yana neman tanka ko ta waye, kuma sun fitar da shi kunya. Sai dai a rubuce-rubucensa na kansa ya ci gaba da kokwanton ƙwazon baƙaƙe a fagen fama. Kuma in kana neman jarumi, ga Benjamin Davis ƙarami, baƙar fata: shekara huɗu a makarantar hafsoshi ta West Point, ba ɗalibin da ke masa magana sai ta aiki, shi kaɗai a ɗaki, ya gama a 1936, ya zo ya jagoranci baƙaƙen matuƙan jiragen yaƙi da aka horar a Tuskegee, a Italiya. Ga Doris Miller, shi ma baƙar fata, ma'aikacin ɗakin cin abinci a jirgin ruwan yaƙi na West Virginia, wanda ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor ya kama bindigar harbo jirage da ba a taɓa koya masa ba. An ba shi lambar yabo, aka mayar da shi teku, ya mutu a Nuwamban 1943 da aka nutsar da jirginsu. Ba a soke wariya a soja ba sai da Shugaba Truman ya sa hannu a Yulin 1948.

Maman Ilham:
Ni fa akwai abin da na taɓa ji, ban sani ba ko gaskiya ne. Wai har 'yan ƙasarsu suka tsare a sansani?

Malama Hadiza:
Gaskiya ne, Maman Ilham, kuma da hannun janar a ciki, tunda janarori ake yabo. John DeWitt, mai kula da gaɓar yamma, shi ya dage cewa duk mai jinin Japan abin zargi ne ko da a Amurka aka haife shi. Roosevelt ya sa hannu a doka mai lamba 9066 ranar 19 ga Fabrairun 1942. Aka kwashe mutum kusan 120,000, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. 'Yan kwanaki aka ba su, kuma abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Wasu a ɗakunan dawakin filin sukuwa aka fara zuba su, ana jin warin kashin doki ta ƙarƙashin farar ƙasar da aka shafa. Daga cikin sansanonin nan kuma aka ɗebi samari zuwa runduna ta 442, wadda ta shiga sahun waɗanda suka fi samun lambobin yabo a tarihin sojan Amurka. Uwa tana bayan waya mai ƙaya, a kawo mata takardar cewa ɗanta ya mutu a Faransa.

Maman Ilham:
Allah sarki. To gonakinsu da shagunansu fa? Wanda ya bar tukunyarsa a kan murhu aka ce ya fita, wa ya sauke masa?

Malama Hadiza:
Da yawa sun sayar a wulaƙance cikin kwanakin da aka ba su, mota ko firji a kuɗin da bai kai ya kawo ba. Wasu maƙwabta sun riƙe amana, wasu sun cinye. Sai a 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar ba da haƙuri, aka biya duk wanda ke raye dala 20,000.

Abba Tarihi:
Ni dai har yanzu a fagen fama Patton ne. Amma na yarda zan je in karanta Marshall ɗin Baba Staf. Akwai kuma Janar MacArthur da ba wanda ya taɓo, wanda ya bar Filifin lokacin da Japan ta mamaye ta, ya ce zai dawo kuma ya dawo.

Staf Garba (mai ritaya):
Ya dawo a Oktoban 1944. Sojojin da ya bari a yankin Bataan na Filifin a 1942 fa, nawa suka jira shi da rai? Kada ka tayar min da wannan da daren nan, hawan jinina bai sauka ba.

Ɗanladi Mai Tanka:
Ku ajiye MacArthur ɗin sai na sauka. An kira lambar motata, kwana uku ke nan ina layi a depo. Malama, in kin samu hoton motocin nan masu idon kyanwa ki turo min, zan nuna wa yaron motata.